Lamba Huɗu a Gefen Taya

Ni mutum ne mai saurin baki. Duk wanda ya taɓa kawo mani ɗinki a Yankara ya san haka, don ko mai kuɗi ne in ya cika mani kunne ana gobe Sallah sai in miƙa mashi yadinshi in ce ga hanya nan. Bakin nan ya jawo mani abubuwa da dama, na manta da yawansu. Guda ɗaya ce har yau in ta faɗo mani ina cin abinci sai in tsame hannu.

Shagona a bakin titi yake, rumfar kwano mai bango uku, keken ɗinkina na ƙafa a bakin ƙofa saboda haske. Ranar kasuwa ce, an sallame azahar ba da daɗewa ba, ina kan haɗa wuyan wata riga, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a bayan kunnena. A yankinmu in ka ji irin wannan ba ka tsayawa tambayar ko mene ne. Kowa ya watse, ni ma na yi tsalle na bar keke na yanki titi. Ashe ba bindiga ba ce. Tayar gaba ce ta wata babbar mota ta fashe, motar ta ɗauko masara daga wajen Sabuwa, ta ƙwace wa direba ta nufi kwata. Da na zauna a kan kekena da ko ƙura ba ta taɓa ni ba. Gudun da na yi shi ya kai ni gabanta. Ta kwanta gefe guda, buhuna suka zubo, ƙarfen bodinta ya danne mani ƙafar dama daga gwiwa zuwa idon sawu.

Na kwana a wani ɗan asibiti na cikin gari, aka tsayar da jini, aka ba ni maganin ciwo. Da safe Baba ya iso daga ƙauyenmu, can ƙasar Kankara. Ni ne ɗanshi na fari, saboda haka tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido cikin ido ba, kuma ko a gaban mutane aka yabe ni sai ya sauya magana. Da na koyi ɗinki ya samu mafita, ya riƙa ce mani Tela. Ya tsaya a bakin gadon ya dubi ƙafar, bai dubi fuskata ba, ya ce:

"Tela, sannu. Ba a kai ka babban asibiti su yanke. Pauwa za mu tahi, wurin mai ɗori."

Ban yi gardama ba, ni ma tsoron yankan nake yi. Mutanen mai motar suka zo jaje da buhun masara guda da goro, suka ce Allah ya kiyaye gaba. Baba ya ce ƙaddara ce, babu wanda ya yi da gangan, ba sai an je wurin hukuma ba. Aka yi shatar wata tsohuwar mota aka shimfiɗe ni a kujerar baya. Na tuna an daɗe ana ɗaure-ɗauren wani abu a kan rufin motar kafin mu tashi, ni kuwa ina ciki ina ta masifa, ina cewa mutum na mutuwa ana tsayawa lodin kaya. Ban tambayi ko mene ne ba.

Gidan mai ɗori jerin ɗakuna ne na ƙasa, kowanne da ƙaramar ƙofa. Aka ja ƙafar, na yi ihun da ban taɓa yin irinshi ba, aka jera mata kara aka ɗaure, aka kwantar da ni a tabarma bisa yashi. Aka ce kada in motsa sai an ce in motsa. Daga inda nake kwance abin da nake gani ta ƙofar bai wuce ɗan fili kamar faɗin darduma ba, da gindin wata bishiyar dalbejiya, da kajin gidan in sun gitta. Wanda ya zo wurina a gefen ƙofa yake tuɓe takalmi, inda idona ba ya kaiwa, sai dai in ga ƙafafu sun shigo.

Makon farko an zo. Abokan sana'a sun zo, maƙwabta sun zo, har wani da na taɓa kora daga shago ya zo da lemo. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba, lokacin ne hanyoyi suka ƙara lalacewa da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, mai ya yi wuya har 'yan acaba suka yi ƙaranci. Matata ta kwashe yara ta koma gidan wanta a cikin garin Kankara, da izinina. Sai kuma aka wayi gari an yanke layin waya gaba ɗaya a yankin. Wayata ta zama agogo kawai. Nakan kunna ta in dubi lokaci, in kashe, in sake kunnawa in ga minti huɗu kacal ya wuce. Wallahi na yi kewar ko da mai yi mani ƙorafin aljihu ya karkace. Na san adadin azarar rufin ɗakin nan, na san wadda gara ta fara ci. Mutumin da ya saba yini yana faɗa da jama'a, sai ga shi ba shi da abokin magana sai ƙadangaren da ke leƙo shi da hantsi.

Baba kaɗai bai daina zuwa ba. Litinin da Alhamis, a ƙasa, tafiyar da ta fi awa biyu daga ƙauyenmu ta hanyar gonaki, da gorar fura da Inna ta dama. Tun kafin ya iso nake sanin shi ne, don yana jan dunduniyar hagu in yana tafiya, ƙiii, ƙiii, a kan tsakuwar tsakar gidan. Sai in ji ya tsaya a gefen ƙofa, ya tuɓe, ya yi sallama, ya shigo ya zauna can jikin bango.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"To."

Shi ke nan hirar. Sai ya ciro carbi, ni kuma in sha fura. Haka za mu zauna har inuwar dalbejiya ta shigo bakin ƙofa, ya tashi ya yi la'asar ya kama hanya don kada duhu ya same shi a daji. A lokacin har haushi shirun nan yake ba ni. Nakan ce a raina, mutum ya tako duk wannan nisa don ya ce ya jiki kawai? Amma ranar Lahadi da ranar Laraba tun da yamma nake fara jin sauƙi, saboda na san gobe akwai mai zuwa.

Bayan wata uku aka kwance karan. Na dubi ƙafata. Ta haɗe, amma ta haɗe a karkace, ta kuma fi 'yar'uwarta gajarta, idon sawun ya sandare ba ya lanƙwasa. Tela kuwa da idon sawu yake ci. In bai lanƙwasa ba, ba ka taka keke. Mai ɗori ya ce da mai da gashi za ta saki. Na yi wata guda ana gasa ta, ba ta saki ba.

A cikin wannan hali wani lauya ɗan Faskari ya zo gaishe ni. Shekaru ina yi mashi ɗinki, shi kaɗai ne cikin masu kawo mani aiki ban taɓa yi wa tsawa ba, don ba ya cewa a rage mashi. Ya je shago ya tarar a rufe, aka ba shi labari, ya biyo sawu. Da ya ga ƙafar ya yi salati, ya sa aka ɗauke ni zuwa motarshi, ya kai ni Kankara aka yi hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mani da biro inda ƙashin ya hau kan ɗan'uwanshi. Ya ce ana iya gyarawa, amma sai an sake karyawa an sa ƙarfe, a babban asibitin ƙashi, kuma kada a daɗe. Da ya faɗi abin da za a kashe sai na yi dariya, don ko gonar Baba aka sayar da shanun nomanshi ba za su kai ba.

Lauya ya ce kada in yi dariya, akwai diyya. Motar kasuwa ce, tana da inshora, kuma in aka tabbatar sakacin mai mota ne dole a biya aikin. Ya rubuta wa kamfanin inshorar takarda. Bayan makonni amsa ta zo. Suka ce tayar sabuwa ce, wani ƙarfe ne a kan titi ya huda ta, babu laifin kowa, amma za su ba da ɗan abin jaje. Takardar 'yan sanda babu, tunda Baba ya ce a bari. Takardar babban asibiti ta ranar farko babu, tunda wurin mai ɗori aka kai ni. Direban kuwa, wanda mai shayin kusa da shagona ya ji shi da kunnenshi ranar yana kuka yana cewa ya sha gaya wa maigida tayar nan ta mutu, an sake yanka mata zane ne kawai a wurin mai faci, ya bar aikin ya yi kudu, ba wanda ya san inda yake.

"Saura abu guda," in ji lauya. "Tayar kanta. A gefen kowace taya akwai wani ɗan zobe mai tsawo, da lamba huɗu a ciki. Biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. In na ɗora wannan a kan tebur, ƙaryar sabuwar taya ta ƙare. Ka yi mani addu'a in same ta."

Na yi addu'a kuwa. Kwana tara ina lissafin yadda zan koma kan keke, har na fara tunanin irin labulen da zan sa a ƙofar shago.

Ranar da lauya ya dawo Alhamis ce, Baba na zaune a wurinshi jikin bango. Lauya ya gaida shi, ya zauna, ya ce babu taya. Mai shayi ya ce ranar hatsarin an cire ta an jefar bakin kwata, har magariba tana nan, washegari da rana ya duba bai gan ta ba. Mai faci ya ce bai ɗauka ba. An tambayi kowa a layin, babu wanda ya san wanda ya ɗauke.

Nan bakina ya kubce. Na ce wane irin mutane ne mu? Mutum na kwance jininshi bai bushe a titi ba, wani matsiyaci idonshi na kan fasasshiyar taya! Na ce ɓarawo ne, marar imani, mai kwaɗayin da ko gawa ya gani sai ya laluba aljihunta. Lauya na cewa in yi haƙuri, ina ƙara hawa. Na ɗaga hannu sama na ce:

"Duk wanda ya ɗauki tayar nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba duniya da lahira. Ƙafata ya ɗauka."

Baba na nan jikin bango. Carbin ya tsaya a hannunshi, na ga wannan, amma na ɗauka zagin ne bai so ba, don ba ya son a ɗaga murya. Ranar bai jira la'asar ba. Ya tashi ya ce, "To, sai Litinin," ya fita, har ya manta gorar fura.

Ran Litinin ban ji zuwanshi ba. Sai kawai na ga inuwa a ƙofa da sallama. Ran Alhamis ma haka. Jan dunduniyar nan da na saba ji ya ɓace, ban kuma kawo komai a raina ba sai a mako na uku, da ya miƙe ƙafa zai zauna na ga tafin. Duk ya tsage, faso ya buɗe baki a dunduniya, ga jini ya bushe da ƙasa a ciki, ga bakin ƙaya a babban yatsa.

"Baba, ina takalmanku?"

"Suna nan."

"Suna nan ina? A ƙasa kuke zuwa babu takalmi?"

"Ba komi."

Na hau shi da faɗa, a iya yadda ɗa zai yi wa uba. Na ce wannan tsumulmular ta isa, takalmi don a sa aka yi shi, ba don a ajiye ba. Na san halinshi, mutum ne da ko igiya ya tsinta a hanya sai ya naɗe ya kai gida, gwangwanin madara bai taɓa zama shara a gidanmu ba. Na ba matar mai ɗori kuɗi ta sayo mashi silifa a kanti. Ya karɓa ya ce an gode. Zuwa biyu suka yi ƙaya ta tsinke su, ya koma yadda yake. Ya kuma rame, yana zuwa a makare, wani lokacin sai bayan azahar, rigarshi duk ƙura kamar wanda ya biyo wata hanya dabam.

A mako na biyar ya shigo da wani ƙunshi a hammata, an naɗe da tsohon rawaninshi. Bai je jikin bango ba, ya zauna kusa da tabarmata, kusan da bai taɓa yi ba tun ina yaro. Ya kwance ƙunshin. Takalman taya ne guda biyu, baƙaƙe, irin na manoma, an wanke su tas.

"Tela," ya ce, yana duban ƙasa. "Ni na ɗauki tayar."

Ya ba ni labarin a hankali, kamar mai ba da rahoton gona. Ranar da ya zo ɗaukata ya je ya ga wurin da abin ya faru, ya ga tayar yashe a kwata. Ya duba ya ga mai zare ce, ba mai waya ba, irin wadda masu takalmi ke so. Ya tambayi mutanen mai motar, suka ce ya ɗauka, me za su yi da ita. Ita ce aka ɗaure a kan rufin motar ina ciki ina masifa. Tare muka zo da ita. Ya kai wa mai yanka takalmi na ƙauyen gaba da namu, a kan al'adar da aka saba: mai taya ya kawo, mai wuƙa ya yanka, a raba biyu. Bayan tayar mai kauri aka yi wa awakin Inna abin shan ruwa. Gefen kuwa, da ya fi laushi, daga shi aka fitar da takalma. Baba ya ɗauki na sawarshi, hagu da dama, don ya san zai riƙa yin tafiya zuwa wurina, nashi na da sun mutu. Sauran mai wuƙa ya sayar tun kafin a rufe kasuwanni.

Ranar da ya ji maganar lamba, yana fita daga ɗakina ya juya takalmanshi ya ga akwai rubutu a ƙasansu. Bai iya boko ba, bai san wanne ne ba. Sai ya rataye su a wuya ya taka gida haka nan don kada su ƙara cinyewa. Washegari ya je wurin mai wuƙa ya tambayi waɗanda suka sayi sauran. Wasu makiyaya ne sun yi ƙaura, wasu manoma ne na ƙauyukan kewaye. Mako biyar yana bin ƙauyukan nan. Sai ya je masallaci lokacin salla, ya jira an shiga, ya bi takalman da ke bakin ƙofa yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana neman ɗan zobe mai tsawo. A wani ƙauye har an kama hannunshi an ce ɓarawon takalmi ne, sai da limamin ya gane shi. Dattijo mai furfura, wanda ake kira rabon gado a ƙauyenmu saboda amana.

Daga ƙarshe ya kai nashi wurin wani malamin firamare. Malamin ya duba ya ce ai ga zoben nan a ƙafar hagu, wajen dunduniya.

"Mi ya sa ba ku faɗa mani ba tun ranar?" na ce.

"Na so in zo da abin a hannu."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, muryarshi ƙasa-ƙasa:

"Maganar nan da ka yi, ta tsakaninka da wanda ya ɗauka. Ina so ka janye ta. Na tsufa, ban san ranata ba."

Ga abin da ke hana ni cin abinci. Ban amsa mashi ba. Na riga na ɗauki takalmin hagun na karkata shi wajen hasken ƙofa ina kankare shi da farce, ina neman lamba. Na ji abin da ya ce sarai. Wani ɓangare na raina yana tafasa, yana cewa saboda takalmi, saboda abin shan ruwan awaki! Na bar shi yana jira. Ya jira har ya gaji, ya ce, "To." Ya naɗe rawaninshi ya fita, ban ji ko motsin tafiyarshi ba.

Na aika wa lauya da takalmin ta hannun wani direba. Kwana goma sha biyu lauya ya yi kafin ya zo, kuma tun daga yadda ya yi sallama na san amsar. Ya ciro shi daga leda ya nuna mani. Zoben na nan, rabinshi. Lambobi biyu na farko ana ganinsu in an shafa alli. Biyun ƙarshe, na shekara, sun faɗa daidai inda dunduniya ke gogar ƙasa. Wurin ya yi sumul kamar bayan cokali. Ya ce ya kai wa masu sayar da taya, ya kai wa wani da ke da gilashin ƙara girma, babu abin da ya rage. Mako ba tare da shekara ba kuwa ba ya tabbatar da komai. Ya ce zai karɓo mani abin jajen da suka ce, kada a yi biyu babu.

Yana juya takalmin a hannu ya ce, "Ikon Allah. Robar babbar mota ce fa. Wace irin tafiya tsohon nan ya yi har ya cinye ta haka?"

Ni na san amsar. Litinin da Alhamis, zuwa da komawa, wata huɗu da ɗori. Ƙiii, ƙiii ɗin nan da nake kasa kunne in ji, in ji daɗi don an zo wurina, shekarar tayar ce ke gogewa a kan hanya. Da ya zauna a gida kamar kowa, da lambar na nan. Bayan lauya ya tafi na juya fuska bango na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ja ƙafata.

Ran Alhamis na sa aka taimaka mani na fito bakin ƙofa da sanda, karo na farko da na jira shi a waje. Na jera takalman biyu a gefena. Na hango shi tun daga bakin zaure, yana taka tsakuwa a hankali yana zaɓen inda zai sa ƙafa, da gorar fura a hannu. Da ya iso ya ga takalman ya tsaya.

"Sun karɓa?"

"A'a, Baba. Lambar ta goge."

Ya daɗe yana duban su. Ya ce, "Ashe ni na cinye maka ƙafa, Tela."

Na ce, "Baba, maganar nan na janye ta. Na janye ta tun daga tushe. Ku ne za ku yafe mani."

Bai dube ni ba, dama bai saba ba. Ya ɗan ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce ba komi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Muka zauna a bakin ƙofar, na sha fura, ya ja carbi, har inuwar dalbejiya ta iso kanmu. Da ya idar da la'asar zai tafi sai ya tsaya, ya nuna takalman da baki.

"In sun gama da su, in sa. Hanyar da ƙaya."

Na tura mashi su da sandata. Ya zura, ya ɗauki gora, ya juya. Na zauna ina jin dunduniyar hagun nan tana jan ƙasa har ya fita zaure.

Ba a yi aikin ba. Da abin jajen na sayi takalmi mai tudu a ƙafa guda, na biya hayar wani ɗan shago a Kankara kusa da inda iyalina suke. Na koyi taka keke da ƙafar hagu ita kaɗai. Ɗinkin da nake gamawa kafin azahar yanzu yana kai ni magariba, masu gaggawa sun koma wurin wasu, shagon yakan yini shiru. Bakina ma ya ragu, ba don na zama mutumin kirki ba, sai don na san inda magana kan je ta sauka.

Baba ya rasu damina biyu bayan haka. Da aka zo rabon 'yan kayanshi ƙannena suka ɗauki garma da buta da agogo, ni na ce a ba ni takalman. Suna ƙarƙashin keke, inda ƙafar dama take hutawa. Wani lokaci in shago ya yi shiru nakan ɗauki na hagun in shafa wurin da babban yatsa. Na daina neman lamba a wurin tuntuni.